Na Je Santambul Neman Maganin Habu

Adireshin makarantar da aka rubuta min ya kai ni wani shagon labule. Na tsaya a bakin ƙofa da jakata, iskar teku tana shiga ta wuyan rigata, ina duban takarda ina duban lambar gida. Lamba daidai, titi daidai, garin ma Santambul ce ta ƙasar Turkiyya. Mai shagon, wani tsoho mai kaurin gashin baki, ya karɓi takardar ya juya ta, ya ce min da ɗan Larabcinsa ba ni ne baƙar fata na farko da ya zo nan neman makaranta ba. Ya jawo min kujera, ya sa aka kawo shayi a ɗan kofin gilas. Bai tambaye ni komai ba har na shanye.

Abin da ya fi yi min ciwo shi ne ni ba baƙon tafiya ba ne. Na yi karatu a Sudan ina saurayi, na yi aikin asibiti a Damagaram har Faransanci ya zauna a bakina, na zauna a Jidda. Na ɗauka na wuce a cuce ni. Sai ga wani mai ofis mai sanyi a Kano ya nuna min hoton gini, ya ce a can ake koyar da sabuwar hanyar warkar da ciwon zuciya da ƙwaƙwalwa ba da ƙwaya kaɗai ba. Na ɗauki hutu daga wurin aiki, na sayar da abin da zan sayar. Daga shagon labulen na kira lambarsa, aka ce a kashe take. Har yau a kashe take.

Ni nas ne a sashen masu taɓin hankali a Birnin Kudu, amma asalinmu Dingaya ne ta ƙasar Gwaram. Saboda ƙanena Habu na yi tafiyar. Shi ke bi na. Da Baba ya rasu shi ya riƙe gandu, ni kuma na koma bakin aikina. Daga nan maganarsa ta fara raguwa kamar ruwan rijiya da rani, har ta ƙafe. Yana cin abinci, yana salla, ba ya dukan kowa. Sai dai ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya zauna. Na gwada ƙwayoyin da na sani, an yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi ruƙiyya. Matarsa ta yi haƙuri iya nata, ta koma gidansu. Kullum ina sallamar 'ya'yan wasu daga asibiti sun samu sauƙi, nawa yana zaune.

Komawa gida hannu rabbana ta yi min nauyi, sai na zauna. Mai labule ne ya kwatanta min unguwar Aksaray, inda 'yan kasuwarmu ke saro kaya. Na samu aiki a shagon aika kaya, ina ɗaure dila ina yi wa Hajiyoyin Kano da na Yamai tafinta. Mutum mai furfura, wanda a gida ake ce wa Malam Usman ana rusunawa, ga shi yana danna dila da gwiwa yaron shago yana daka masa tsawa. Na ga sanyi a duniya, amma na can daban ne, jiƙaƙƙe ne, yana bin ƙashi. A Sudan in ka yi baƙunta, a ranar za a ja ka gida cin abinci. A Jidda ba mai kallon ka. Mutumin Santambul zai ba ka shayi sau goma bai taɓa nuna maka ƙofar gidansa ba.

Wata rana wata Hajiya ta buɗe jaka za ta ɗauko fasfo, sai ƙamshin daddawa ya bugo ni. Na koma bayan dila na zauna. Ta leƙo ta ce, "Baba, lafiya?" Na ce hayaƙin sigarin Turkawan nan ne. Ta dube ni, ta ɓallo rabin daddawar ta ƙulle a leda ta ajiye kusa da ni, ta ci gaba da cinikinta.

Ɗaki ɗaya muke da wani ɗan Senegal mai tallar agogo, Mamadu. Bizata ta ƙare, tasa ta daɗe da ƙarewa, saboda haka in mun hango 'yan sanda sai mu zama masu sha'awar kallon kayan shago. Da tari ya kama shi, na raka shi wani ɗakin shan magani na 'yan gudun hijira. Ina mayar da Faransancinsa Turanci, sai wata mata 'yar Siriya ta kasa bayani a gefe, na juya na taimaka mata da Larabci. Wata dattijuwa mai gajeren farin gashi tana tsaye tana kallo. Da muka fito ta tare ni.

"Harshe nawa ne a bakinka?"

"Waɗanda suka yi min amfani ko duka?"

Ta yi dariya. Sunanta Narmin, likitar ƙwaƙwalwa ce da ta yi ritaya. Tana tara baƙin haure a wani ɗaki duk ranar Asabar da hantsi, kuma tana neman tafinta. Da na gaya mata labarin shagon labule sai ta ce, "Makarantar da ka biya babu ita. Wadda take akwai kuma ba ni da abin biyan ka. Ka zo mu cuci juna."

Ranar farko na ɗauka borin Turawa na shigo. Ɗaki ne babu gado babu allura, sai kujeru a zagaye da fili a tsakiya. Mutum ɗaya zai fito da damuwarsa, amma ba za a bar shi ya tsaya ga ba da labari ba. Sai ya zaɓi mutane daga cikinmu, ya ce kai ne ubana, ke ce matata, ya tsayar da kowa inda ya ga ya dace, a yi abin kamar yanzu yake faruwa. Can sai Narmin ta tafa hannu ta ce a yi musaya, ɗa ya koma wurin uba ya amsa da bakin uba. Wasan kwaikwayo ne, amma ba a rubuta shi ba, kuma hawayen na gaske ne. Ni ina tsaye a bayan mai magana ina cewa "ni" a madadin mutanen da ban taɓa ganin garinsu ba.

Abin da ya bambanta Narmin shi ne ba ta yarda ciwo na mutum ɗaya ba ne. In aka ce mata wane ba shi da lafiya, sai ta ce, "To, a gidan su wa yake rashin lafiyar?" Takan ce gida abu ɗaya ne mai gaɓoɓi, in ka taɓa nan can zai motsa, kuma sau da yawa wanda aka kawo asibiti shi ne inda nauyin ya taru. Na gaya mata mu ma mun san haka a jaki: in mangala ta karkace, a bayan jaki gyambo ke fita, kuma ko ka shekara kana shafa magani, in ba ka gyara lodi ba banza ne. Ta ce in maimaita, ta sa na fassara wa kowa. Na ji daɗin kaina ranar. Ban kawo Habu a raina ba ko kaɗan.

Sai da aka daɗe sannan wata Asabar ta ce, "Usman, yau tafinta ya huta. Kawo mana ƙanen nan naka."

Na ɗauki Mamadu na zaunar da shi a tsakiya, na ce shi ne Habu. Na ce shi ke nan.

"Shi kaɗai ne a gidan?"

Na ce akwai Inna. Na zaɓi Ummu Halid, matar nan 'yar Siriya, mai jiki da faɗa da yawan kyauta. Na kai ta ƙuryar ɗaki na juya ta tana kallon bango. Ni kuma na je ɗaya ƙuryar na tsuguna, kaina a ƙasa.

Narmin ta tambaye ni a hankali me na yi wa mahaifiyata take fushi da ni haka. Kafin in amsa, Ummu Halid ta juyo ta taho da saurinta, hannu a buɗe, tana cewa, "Usman, ɗana, zo nan, wace irin uwa ce za ta ba ɗanta baya?" Na miƙe na ja da baya har na ture kujera. Ba rungumar ce ta firgita ni ba. Sunana na ji a bakin wadda na ce ita ce Inna.

Na yi musu bayani da harsuna uku. Na ce ni ɗan fari ne, kuma a wurinmu, musamman mutanen da, uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta hira da shi, ba ta haɗa ido da shi. A ɗakin kakata na tashi. Inna "wancan" take ce min. Na ce wannan ba ƙiyayya ba ce. In an yanka kaza, cinyar tawa ce, sai ta sa a kwano ta ce, "Habu, kai wa wancan."

Ummu Halid ta riƙe ƙugu. "To in kana zazzaɓi fa?"

"Sai ta tambayi Habu yaya jikin wancan."

"Wallahi ku mutanen Sudan ta yamma kun iya wahalar da kanku. Ni nawa ɗan farin har yau ina ja masa kunne."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Narmin ba ta yi ba. Ta ce ba ta zo gyara al'adar kowa ba, kowane gida da irin shirunsa, na Turkawa ma ba kaɗan ba ne. Ta buɗe kwandonta ta ɗauko ƙullin igiya. Ta ce, "Tambaya ɗaya. In Inna tana son gaya maka magana, ta ina take bi?"

"Ta Habu."

Ta ba Ummu Halid bakin igiya, ta zagaya da ita ƙirjin Mamadu, ta miƙo min.

"In kai za ka amsa?"

"Ta Habu."

Ta ƙara zagaye. Ta tambayi batun gona, wa ke gaya min abin da Inna ke so a shuka, wa ke gaya mata abin da na yanke, tunda bayan Baba ni ne babba. Ta tambayi 'yan'uwan Baba in suna da ƙorafi a kaina, da matata in ta saɓa da Inna. Duk amsa ɗaya ce. Kowace amsa sai ta tayar da mutum ta ba shi igiya, kowace igiya sai ta bi ta jikin Mamadu. Sannan ta ce kowa ya faɗi buƙatarsa ya ja.

Muka ja. Mamadu mutum ne mai barkwanci, ya fara da cewa a yi a hankali, haƙarƙarinsa na haya ne. Can ya daina dariya. Narmin ta durƙusa kusa da shi ta ce, "Habu, me kake so ka ce?"

Ya ce, "Duk abin da na faɗa, wani zai ji ciwo. Gara in yi shiru."

Mamadu bai taɓa ganin Habu ba, bai san inda Gwaram take ba. Na tsaya da igiya a hannu, na rasa wanda zan fassara wa.

Bayan an watse Narmin ta ce ba ta yi min alkawarin wannan ne dukan ciwon ba, kada in daina ba shi magani. Amma in ina son in taimake shi, in sauke masa lodi. In yi wa Inna magana da bakina. Makonni muka yi muna gwadawa, Ummu Halid tana kallon bango, ni ina tsugune ina cewa, "Inna, ni ne Usman, ina kwana." Har na iya, har ya daina yi min nauyi. Ranar sallama Narmin ta ba ni ƙullin igiyar ta ce, "A nan ɗakin kai kaɗai ka sauya. Gida zai ja ka ya mayar da kai inda ya saba ganin ka. Kada ka yi mamaki." Ummu Halid ta cusa min sabulun zaitun a aljihu ta ce na Inna ne, in ba ta hannu da hannu, in na ba Habu ya kai Allah ya isa. Na miƙa kaina ga hukuma, aka buga min hatimin kada in dawo, aka sa ni a jirgi.

Lokacin girbin dawa na iso Dingaya. Na yi sallama na shiga. Habu yana kan tabarmarsa, ya rame, gemunsa ya fara fari. Inna tana bakin ɗakinta tana tsince wake a faifai. Da ta ji muryata ta ja mayafi ta karkata ga bango, daidai yadda na tsayar da Ummu Halid. Na tsuguna. Maganar tana bakina a shirye.

Inna ta ce, "Habu, ce wa wancan sannu da hanya."

Shekaru ke nan Habu bai isar da saƙon kowa ba, amma ba a daina ba shi ba. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa, "Habu, ka ce wa Inna na same ku lafiya." Sabulun ma a gefen tabarmarsa na ajiye.

Na sake ɗaura niyya. Wata Juma'a na zo daga Birnin Kudu, na tsuguna, na ce, "Inna, ni ne Usman. Wurinki na zo." Ta ajiye abin da ke hannunta, ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule. Da ƙanwarmu Asabe ta zo daga Maruta inda take aure, Inna ta tambaye ta ko a ƙasar Turawan tiyata aka yi wa wancan aka cire masa kunya. Asabe ta same ni a zaure.

"Yaya, me ya kai ka? Tsohuwar nan kwana ta yi tana cewa ta zama abin raini."

"Don Habu na yi."

"Habu kuma? Aljanin da ya kama shi a kunyar Inna yake zaune?"

Na yi mata bayanin igiya da mangala. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Karatu dai ya yi. Amma ka bar tsohuwa ta ƙarasa kwananta yadda ta saba." Na roƙe ta ta riƙa karɓar saƙon a madadin Habu. Ta yi sau biyu ko uku, amma tana da nata gidan. In ta tafi, komai ya koma inda yake.

A asibiti kuwa igiyar Narmin ta yi aiki. Ina tara dangin majinyaci a baranda in ce kowa ya tsaya inda yake tsayawa a gida. Na ga uba ya zauna a kujerar ɗansa ya fashe da kuka. Na ga gidajen da suka gyara lodi, na ga waɗanda suka tattara tabarmarsu suka ce Malam Usman ya dawo da wasan yara. Har na yi ritaya ina yi. A gidanmu ban ƙara gwadawa ba. In na tuna fuskar Inna tana sakin labule sai in ce bari sai wani zuwan, in tsuguna in ba Habu gaisuwa ya riƙe.

Bara Inna ta rasu, da damina. Bayan addu'ar bakwai baƙi suka watse. Da safe na fito zan duba rumbu, sai na tarar Habu a can yana gyara jinkar da ruwa ya ɗaga. Na tsaya ina kallo, don rabon da in ga ya kama wani aiki na manta. Bai juyo ba ya ce, "Yaya, miƙo min igiyar nan."

Muryar ta dushe kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Na miƙa masa. Na ja gefe, ina tsoron kada in kore ta. Ya ɗaure, ya sauko, ya zauna a gindin rumbun.

"Akwai saƙonka a wurina."

"Na wa?"

"Na Inna. Tun bayan rasuwar Baba, ranar da za ka koma Birnin Kudu. Ta ce in ce wa wancan kada ya tafi, ya nemi aiki kusa, gidan ya yi mata faɗi. Kai kuma ka ce in ce mata ta sa maka albarka, mota na jira." Ya dube ni. "Na ce maka ta sa. Na ce mata ka ji, za ka dawo bayan salla."

Kowace salla sai ta tambaye shi, kowace salla sai ya ƙirƙiro mata dalili da sunana. Ni kuma in na tambayi lafiyarta sai ya ce tana murna da aikina. Da dalilan suka ƙare masa, ya rufe baki.

Na ce, "Habu, da ka gaya min ai da..."

"Da me? Da ka zauna kana jin haushinta, ko ka tafi tana jin naka." Ya kakkaɓe hannunsa. "In kana da amsa, Yaya, ka kai da kanka. Ni na ajiye aike."

Yanzu yana magana, kaɗan-kaɗan. Yana zuwa gona, yana zama a majalisa. Mutanen gari sun ce aljanin ne ya gaji ya tafi, ban yi musu da kowa ba. Amma ƙuruciyarsa ta tafi, matarsa tana da jikoki a wani gida. Na ƙetare teku neman abin da yake tsakanin bakin ɗakin Inna da tabarmar Habu, taku kaɗan, na gano shi kuma, na dawo na kasa takawa.

Ranar da ya ba ni saƙon, da la'asar na tafi maƙabarta. Ƙasar kabarin ba ta gama kwanciya ba. Na tsuguna daga gefen kai na yi sallama, na ce, "Inna, ni ne Usman. Saƙonki ya iso yau." Na daɗe ina yi mata bayani. Shi ne karo na farko da na yi mata magana ba ta tashi ta shige ɗaki ba.